Sunan da Ya Fito Ƙarƙashin Ƙorafin

A gafarce ni idan rubutun ya karkace, domin sai da furfura ta fito na fara riƙe alƙalami. Inda na yi kuskure, mai karatu ya taimaka ya gyara.

Wani kamfani yana da shafin intanet da ma'aikaci ke shiga da sunansa da kalmar sirri, ya rubuta ƙorafi ba tare da an bayyana shi ba. Manaja ne ya kawo tsarin, domin mutum ne mai son gaskiya ƙwarai, muddin ba a kansa aka faɗe ta ba.

Sai wani ya rubuta cewa Manaja yana barci a taro, baki buɗe, har ƙudaje na kai ziyara.

Manaja ya rantse sai ya kori marubucin. Ya kira mai kula da shafin ya ce, "Kafin gobe suna ya fito ƙarƙashin maganar nan, ko ka tattara naka ya naka." Gwanin ya ce ai aikin rubuta wa kwamfuta layi ɗaya ne. A tsaye ya yi shi, ya tafi gida.

Da safe Baban Sito, dattijon da ke riƙe da ɗakin ajiya, ya shiga shafin don ya ga ɗan banzan da asirinsa ya tonu. Sunansa ya gani, har da hotonsa.

Shi dai bai rubuta ba. Amma ranar da ƙorafin ya fito ya yi dariya har da hawaye, kuma wa zai yarda da tsoho ya ƙaryata kwamfuta? Ya tuna 'ya'yansa da ke makaranta, ya ga gara ya je neman sassauci kafin a aiko kiransa.

A hanya ya tarar da sakatariya tana share ido. Direba ya gaishe shi kai a ƙasa. Allah sarki, kowa na tausaya masa.

Manaja na zaune sharkaf da gumi, ya juya fuskar kwamfutarsa ga bango.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Sharrin shaiɗan ne."

Manaja ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka sauke wa kaya. "Kai ne, Baba? Ka tabbata?"

"Na tabbata, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ajiye makullan."

Ya ajiye, ya yi godiya, ya fita.

Sai da mako ya zagayo gwanin ya lura da abin da ya tafka: layin nan nasa ba marubucin yake nunawa ba, duk wanda ya shiga shafin, sunansa da hotonsa yake gani.