Jarkokin Kaka

"Beira kuma? Ga zafi, ga sauro, ga layin kan iyaka," in ji Garikai, yana ɓata fuska da gangan. Zoben baiko ya daɗe a aljihunsa. So yake budurwarsa Vimbai ta zaɓi garin da bakinta, don kada ta gano shirinsa.

"Kai dai marowaci ne, shi ya sa na nemo maka mai araha," ta ce. "Mu bar Mutare da safe, da rana muna bakin teku."

Daɗi ya rufe shi. Har ya hango kansa durƙushe a kan yashi, ita kuma tana hawaye.

Sai ta jawo jarkoki biyu daga bayan kujera.

"Na Kaka ne. Ruwan teku take so."

"Ciwon ƙafar ne ya tashi?"

"A'a, ni za ta wanke. Wai wata jaraba ce ta liƙe min shekara da shekaru, ta ƙi aurena, ta ƙi tafiya. Ta ce kai za ka ɗebo, ka fi ni ƙarfi."

Garikai ya dubi jarkokin, ya shafa aljihunsa.

"Mayar da su," ya ce. "Beira ta jira. Ranar Asabar kawuna zan tura gidanku."