Ankon Gidan Mak

Ranar Laraba da ƙarfe sha ɗaya na safe, sallah saura kwana uku, Zaleha ta sauko daga jirgin ƙasa a Kuala Lumpur, ta tarar da yayar mijinta, Kak Mar, tana jiranta a bakin layin masu yadi.

Shekara biyu da aurenta, Zaleha ba ta taɓa shiga hoton sallah na gidan surukarta, wadda kowa ke kira Mak, ba. Mak ba ta so auren ba, kuma dokarta ɗaya ce: kowace shekara ita ke zaɓar launin anko, wanda bai saka ba, ba ya shiga hoton da za a rataye a falo. Bana ne Mak ta sauko, ta ba Kak Mar ƙyallen yadin ta ce ta raka yarinyar kasuwa. Mijin Zaleha, Hairul, ya riga ya wuce garinsu Muar, nasa kayan suna wajen telan gida.

Zaleha sharhin fina-finai take rubuta wa wata jarida. Daren jiya ta kalli Sarauniyar Tsibirin Hazo, fim ɗin aljanu da dodanni da aka ciro daga littafin wani mai ɓoye sunansa, Tok Senja. Kak Mar ce ta ba ta tikitin.

"Yaya kika gan shi?" in ji Kak Mar, hannunta cikin jaka.

"Kak, azumina ne kawai ya hana ni zagi yanzu. Tsaya ki ji abin da na tura wa jarida."

Ta ciro waya ta karanta mata a tsakiyar cunkoso. Dodon ya yi kama da ƙadangaren da ya sha ruwan sama. Sarauniyar tana kuka kamar an taka mage. Amma ba laifin 'yan fim ba ne, ruɓaɓɓen kifi aka ba su su dafa. Littafin shafi ɗari biyar ne na surutun mutumin da babu mai saurarensa a gida.

"Ɗari huɗu da sha biyu," in ji Kak Mar.

"Ko nawa ne. Na ce wannan Tok Senja, in yana da 'yan'uwa, su taimaki al'umma su ɓoye masa alƙalami."

Kak Mar ta yi dariya har da dafa kafaɗarta. Shekara ashirin tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, ba a cika ganin haƙoranta ba, don haka Zaleha ta ji daɗi. Sai Kak Mar ta zaro hannunta daga jaka babu komai.

"Kin ga na manta ƙyallen a gida. Amma launin yana kaina. Ruwan goro ne, mai haske sosai."

Shago tara suka shiga. A na uku igiyar takalmin Zaleha ta tsinke, ta sayi silifas na roba. A na shida ruwa ya kece, ledarta ta fashe, gwangwanin biskit ɗin da ta saya wa Mak ya gangara kwata. Duk rigar da ta ɗaga sai Kak Mar ta karkata kai ta ce bai kai ba, Mak tana da ido. Ana gab da la'asar, ƙishin azumi ya bushe wa Zaleha maƙogwaro, suka samu doguwar riga da zani da mayafi ruwan goro masu ƙyalli kamar wuta. Hannun rigar ya yi mata tsawo. Kwana biyu ta yi tana rage shi da allura.

Ranar Juma'a sharhin ya fita. Mutane suka yi ta yaɗa maganar alƙalamin suna dariya.

Safiyar sallah ta tuƙa mota zuwa Muar, ta iso bayan an sauko daga idi. Ta cire takalmi a matakala ta shiga falo da sallama. Mutum talatin da ɗaya, daga Mak har jaririn da ke hannu, kowa cikin shuɗi mai duhu. Hairul ya dubi tabarma.

Mak ta ƙare mata kallo daga mayafi zuwa ƙafa.

"Ba na aika miki da ƙyalle ba?"

Zaleha ta juya wajen Kak Mar. Kak Mar tana gyara wa wata yarinya ɗankwali.

"To, tunda kin zo da naki tsarin, riƙe mana wannan," in ji Mak, ta miƙa mata kyamara. Sannan ta tafa hannu. "Ku matsa, ku ba marubuciyarmu tsakiya. Shekara tara tana ɓoye mana, sai yau da asuba ta faɗa. Ba kullum ake mayar da littafin 'yar mutum fim ba."

Kak Mar ta zauna kusa da Mak, ta ɗora Sarauniyar Tsibirin Hazo a cinyarta, bangon yana kallon kyamara. Zaleha ta danna, aka rataye hoton a falo babu ita.