Wuta-wuta a Gonar Gado

Ka ce mini ƙarfin damtsenka ya ishe ka, neman sani kuwa sai masu lokaci. To zauna in ba ka labarin wani manomi, wanda in ƙarfi ne ya ninka ka biyu.

Shi da ƙanensa suka gaji gonar ubansu, aka ja iyaka a tsakiya kowa ya kama tasa. Yayan ba ya wasa da aiki, kafin rana ta fito ya yi nisa da noma, kuma ba a taɓa jin ya tambayi kowa komai ba, don a ganinsa wanda ya tashi da fartanya a hannu ba shi da sauran abin koyo. Sai wata shekara wuta-wuta ta ɓullo masa, ciyawar nan mai jan fure da ke sa dawa ta tsaya cak, ganyenta ya bushe ko da ana tsakiyar ruwa. Bai zauna ba. Yakan bari sai ta yi fure sosai yadda ido zai hango ta daga nesa, sannan ya bi ta ya tuge. Da yake kuma ba ya son asara, sai ya ɗaure ta dami-dami ya kai jujin bayan gida inda yake tara taki. Bazara na yi, ya ɗora wa jaki mangala, ya kwashe takin nan kaf ya watsa a gona. Kowace shekara aikinsa na ƙaruwa, rumbunsa na raguwa. Ga gonar ƙanen kuwa, taku ɗaya tsakani, kore shar. Shi gyaɗa yake yawan shukawa yana juya ta da dawa, saboda matarsa mai ƙuli-ƙuli ce, kuma shi kansa bai san abin da ke kare shi ba.

Zuciya ba ta zama fanko, in ba a zuba mata sani ba zato take ɗauka. Yayan ya dubi gonarsa, ya dubi ta ƙanensa, ya nufi wurin boka. Boka ya buga ƙasa ya ce an binne masa abu a gona, kuma wani na jikinsa ne ya binne. Ai dama ƙiris yake jira. Ya haƙe kan iyaka yana neman laya, bai samu ba, ya ce an zurfafa ta ne. Ya daina amsa gaisuwar ƙanen, aka yi suna a gidansa bai taka ba, ya ce kada wanda ya ƙara ambata masa sunansa. Ƙanen ya rantse, ya kawo manya, ya yi kuka, duk a banza. Da abin ya ishe shi sai ya kwashe iyalinsa ya koma wani gari mai nisa. Gonarsa ta dawo hannun yayan, cikin shekara biyu ita ma ta yi ja da fure, ya ce mugun ya bar masa tsaraba.

Ana nan wajen ƙarshen wata damina, ruwa ya tare wani dattijo matafiyi, ya fake a bukkar gonar. Da aka ɗauke ya ga damman wuta-wuta a jingine, ya tambayi inda za a kai su. Manomin ya faɗa masa, har da ɗan alfahari. Dattijon nan ya taɓa zama da malaman gona. Bai yi musu ba, sai ya tono gindin dawa ɗaya ya wanke saiwar a ƙwarya. Ga wuta-wuta fara fat manne da saiwar kamar kaska a kunnen kare, tana tsotso tun kafin ta leƙo sama. Ya kuma tsinko busasshen kan wuta-wuta ɗaya ya murza a kan farar hularsa, wani baƙin gari ya zuba.

"Wannan duk iri ne, ɗan'uwa," in ji shi. "Gindi ɗaya dubbai yake zubarwa, kuma sai ya shekara goma a ƙasa bai mutu ba. Tun kafin fure ake tuge ta a ƙone. Kai kuwa kana jira ta nuna, ka adana, ka dawo ka shuka."

Manomin ya daɗe yana kallon baƙin garin nan. Shekara tara yana neman hannun da ya cuce shi, ashe yana nan a kafaɗarsa, da kantarsa da komai. Ranar ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya zauna a ƙasa da furfurarsa yana tambaya ana amsa masa har rana ta karkata. Washegari bai je gona ba, ya kama hanyar garin ƙanensa, yana tafe yana shirya kalmomin neman gafara. Matar ƙanen ya tarar a tsakar gida tana suyar gyaɗa. Ta gaishe shi da ladabi, ta kawo ruwa, sannan ta gaya masa mai gidan ya rasu tun bara. Labarin ya isa garin yayan a lokacin, ba dai wanda ya yi ƙarfin halin ambata masa sunan. Ta ce har ya cika yana tambaya ko Yaya ya gane ba shi ba ne.

Gonar ta farfaɗo cikin damina huɗu, rumbu ya cika har ya gina na biyu, ya ɗauko marayun ya riƙe. Amma amsar tambayar nan tana bakinsa har yau, bai sami wanda zai ba ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.