Ranar Hutu a Watamu

"Jiya ranar hutunki ce," in ji mahaifinta, ya dangwarar da kofin shayi. "Me ya kai ki ruwa?"

Ta tsaya da igiyar filafili, ƙyallen da ke kama iska, a hannu. Shi ya koya mata tseren allon da ake hawa a kan teku, mai fiffike a ƙasa, wanda iska ke ɗagawa sama da ruwa. Shi ya raba mata mako saboda gasar da ke tafe: ranar teku, ranar ɗaga ƙarfe, ranar gudu cikin yashi, sai hutu. Ba ta taɓa saɓa masa ba. Jiya ma wuni ta yi tana barci.

"Baba, ban fita ba."

"Da idona na gan ki. Kina ja kamar tsohuwar jaka, allon ko sau ɗaya bai tashi ba. Gajiya ce." Ya nuna teku. "Ga wata can tana irin kuskurenki."

Ta duba. Kwalekwalen masunta ne ke dawowa a hankali da farin filafilinsa, maza biyu na naɗe raga.

Ta juyo ta kalli idanun mahaifinta, waɗanda ta dogara da su tun tana yarinya. Wani fari-fari ya kwanta a kansu, ba ta san tun yaushe ba.

"Na gan ta, Baba. Ka yi haƙuri, ba zan sake ba."

Da za su sauka matakala zuwa bakin ruwa, ta kama hannunsa. Bai ƙwace ba.