Mugun da Bahijja Ta Hura wa Rai

"Mugun nan na littafinki mutum-mutumi ne," in ji Anti Hajo mai duba mata rubutu. "Ki hura masa rai."

Bahijja ta cije leɓe. Mikail ne, saurayin da ya yaudare ta, ta saka don duk Kano ta tsine masa. Rai ake so? Ta zuba in'inarsa idan kunya ta kama shi, da rumfarsa ta gwanjo a Ƙofar Wambai, da yadda yake yanke wa mahaifiyarsa farce duk Juma'a.

Littafi ya karɓu a guruf ɗin masu karatunta na waya. Bayan Sallah sai ga kiran Ikram, gwanar yi mata sharhi.

"Marubuciyarmu, na gano rumfar! Wallahi yadda kika faɗa yake. An sa mana rana, ke ce babbar ƙawa."