Masu Keke Biyu a Ƙasar Ƙanƙara

Ka ce abokin aikinka yana jan ka baya, kana so ka sake shi ka yi gaba kai kaɗai. To, kafin ka yanke shawara, gyara zama ka ji wannan.

Akwai wasu mutum biyu 'yan ƙasarmu da neman abinci ya kai su can arewacin duniya, inda sanyi kan daskarar da kogi har mutum ya taka ya haye. Ɗaya ƙaƙƙarfa ne mai jini a jika, ɗayan kuwa ya fara manyanta, gwiwa ta fara yi masa gardama. Wata safiya a tsakiyar sanyi aka aiko musu cewa dattijon da ya sauke su a ɗakinsa lokacin da suka iso baƙi, ya ci da su, ya koya musu harshen mutanen wurin, yana kwance rai a hannun Allah a wani ƙauye bayan gari, kuma sunansu yake ta kira. Ranar babu motar haya da ke bin hanyar. Suka naɗe kunnuwa, suka sa safar hannu, kowa ya hau kekensa. An share dusar ƙanƙara daga kan kwalta, an tara ta gefe da gefe kamar auduga a bakin gona. Iska kuwa daga gaba take bugowa, tana yankar fuska kamar aska. Babban ya ce, "Ƙanena, iskar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ɗayanmu ya shiga gaba ya tare ta, ɗaya ya laɓe a bayansa ya huta. In na gaba ya gaji, mu sauya." Haka suka yi, tafiya tana ta miƙewa. Sai dai duk lokacin da babban ya karɓi gaba, gudu kan ragu, shi kuma ƙaramin zuciyarsa ta yi ta tafasa. Ba mugunta ce ta motsa shi ba. Fuskar dattijon nan yake gani, yana tsoron kada ya isa ya tarar an rufe ta. Da suka zo gindin wani hawa, sai ya miƙe tsaye kan feda, ya wuce ɗan'uwansa ko waiwaye babu. Ya ji ana kiransa daga baya, iska ta kwashe muryar.

Da farko ya ji daɗin kansa. Amma yanzu iskar duka a ƙirjinsa take sauka, babu bayan da zai laɓe. Ya yi ta takawa da ƙarfin tsiya har gumi ya jiƙa rigarsa ta ciki sharkaf. Can a tsakiyar wani fili, ba gida gaba ba gida baya, sarƙar keken ta zame ta maƙale. Aiki ne da a gida yakan gama kafin ya rufe baki. Ya cire safar hannu ya kama ƙarfen, sanyinsa ya cije shi kamar wuta. Kafin ya ankara yatsun sun yi fari, sun ƙage, ya umarce su su lanƙwashe sun ƙi. Gumin da ya tara ya juye masa ya zama rigar ƙanƙara. Haƙora suka yi ta haɗuwa, daga baya suka daina, wani barci mai daɗi ya fara lallashinsa. Ya zauna ya jingina da tarin dusar, yana cewa a ransa bari ya ɗan huta kaɗan. A ƙasar nan, wanda ya amsa kiran wannan barci ba ya tashi.

Babban bai iso da wuri ba, don shi ma tun da aka bar shi iskar ta ci ƙarfinsa, har sai da ya sauka ya tura keken a kan hawa. Da ya tarar da shi bai yi masa gori ba. Ya girgiza shi har ya buɗe ido, ya kwance maɓallan tasa rigar, ya cusa hannuwan nan biyu matattu cikin hammatarsa, ya rungume shi yana kiran sunan Allah, har jini ya fara komawa yatsun, ƙaƙƙarfan nan ya fashe da kuka don azaba. Sannan ƙaramin ya tallafe keken da damtsensa, babban ya mayar da sarƙa. Ƙaramin kuwa, sauran hanyar a bayan wanda ya raina ya yi ta, yana laɓe, yana bin tayarsa a hankali kamar ɗan maraƙi.

Sun isa rana ta yi ja. Maƙwabcin da ke jinyar dattijon ya tarbe su a bakin ƙofa, ya riƙe hannun babban, ya ce dattijon bai daɗe da cikawa ba, kuma har ƙarshe duk motsin da ya ji a waje sai ya juyo da kai ya tambaya ko su ne. Ƙaramin ya shiga ya tsaya kan gawar. Babu wanda ya gaya masa, shi da kansa ya san da sun ci gaba da tafiyarsu ta farko, da sun same shi da numfashinsa, sun ji abin da yake so ya faɗa musu. Yatsu biyu na hannun damansa ba su warke ba, sai da likita ya yanke su. Da ragowar ukun ya ci gaba da cin tuwo har tsufansa.

Abin da magabata suka hango ke nan da suka ce sauri ya haifi nawa.