Zauren Ɓatattun Karnuka

Kafin ƙarfe tara na safe Marlys Dahlberg ta goge saƙo huɗu. Na farko hoton kek ne, na biyu tallar tsofaffin tayoyi, na uku wata ce ke neman a sa surukarta a addu'a. Na huɗun kyanwa ce ta ɓata. Marlys ta rubuta wa mai kyanwar: "Nan na karnuka ne."

Shekara shida ke nan tana riƙe da zauren intanet na ɓatattun karnukan garinsu, mai mutum dubu uku da 'yan kai. Magana biyu kawai ta yarda a yi a ciki: karena ya ɓata, ko na ga kare. Saƙo ba ya fitowa sai ta amince. Layin farko kaɗai wayar ke nuna mata, ita kuwa ba ta taɓa buƙatar na biyu ba. In babu kare a layin farko, ta san shirme ne zai biyo baya. A haka karnuka sama da ɗari biyu suka koma gidajensu, masu cewa ta cika tsanani kuma ko ɗaya ba su taɓa tsintowa ba.

Yau nata ne ya ɓata.

Rusty, tsohon jan kare mai ɗingishi. Ta fito daga wanka ta tarar da ƙofar baya a buɗe, sanyi na kwararowa ciki, abincinsa na nan a kwano. Rediyo ya ce dusar ƙanƙara za ta sauko da rana, irin wadda tsohon kare ba ya wuce awa biyu a cikinta. Ta duba ƙusar da ake rataye igiyarsa, babu igiya. Ta yi tsaki, ta ce ita ma tsufa ya fara taɓa ta.

Ta leƙa matakalar ɗakin ƙasa, inda talabijin ke ta surutu.

"Orval, na fita neman Rusty! Kar ka taɓa min murhu!"

Bai amsa ba. Dama mijin nata ba ya amsawa. Na'urar kunnensa kullum tana kan tebur, kuma tun da mantuwa ta kama shi, gaban talabijin yake wuni sai an kira shi cin abinci.

Ta zaga unguwa sau uku a mota, gilashi a sauke, tana kiran suna. Babu. Ta dawo ta sa hoton Rusty a saman zaure, ta rufe wurin sharhi, don ta san mutanenta: yanzu za su cika shi da "wayyo" da hotunan zuciya. Hankalinta ya ɗan kwanta da ta tuna ɗan ƙarfen wuyansa. Ba lambar waya ta sa aka rubuta a kai ba, sunan zaure ta sa. Duk wanda ya tsince shi, ta hannunta zai biyo.

Ƙarfe goma da rabi saƙo ya shigo daga wata Shawna Pruitt, mai shagon injinan wanki a ƙarshen gari.

"Jama'a ku yi haƙuri, wani dattijo ne ya shigo shagona tun ɗazu…"

Marlys ta goge.

Bayan minti ashirin: "Don Allah kar a goge, dattijon nan bai san gidansu ba…"

Ta goge, ta aika mata gargaɗi: "Ki karanta doka."

Sama ta yi baƙi. Marlys ta dafa miya, ta rufe ta a tukunya, ta koma bakin taga da waya a hannu. Wani ya ce ya ga baƙin kare kusa da makaranta. Ta amince da saƙon, duk da karen ba nata ba ne. Aiki aiki ne.

Sai ga Shawna kuma: "Wai wace mara imanin ce ke goge min saƙo…"

Marlys ta cire ta daga zauren gaba ɗaya.

Dusar ta fara sauka ke nan waya ta yi ƙara. Darlene ce, mataimakiyarta a zaure, ƙawarta tun suna 'yan mata.

"Ke Marlys, an ga Rusty?"

"Da an gan shi ai kya ji."

"Na ga kin kori wata baiwar Allah. Me ta yi?"

"Tsoho ta tsinta. Ta kira 'yan sanda mana. Mu ofishin tsintar tsofaffi ne?"

"Ko karantawa kin yi?"

"Na karanta abin da ya ishe ni."

"Ke dai, da ke ke riƙe da coci, fasto ma sai kin goge masa rabin wa'azi."

"Da an riƙa tashi da wuri. Yau na bar tsoho, gobe kyanwa, jibi kek, gata wani ya zo neman karensa ya rasa inda zai sa ƙafa. Tsaya in karanta miki shirmen, ki ji da kunnenki."

Ta buɗe inda gogaggun saƙonni ke taruwa, wurin da rabonta da shi ta manta. A ƙasa talabijin na ta dariya. Ta danna saƙon Shawna na biyu, ya buɗe duka, ta soma karantawa da muryar raini:

"Don Allah kar a goge, dattijon nan bai san gidansu ba, sunansa ma ya ɓace masa. Silifas ne a ƙafarsa, ba riga mai kauri. Na ba shi kofi, amma ya fara cewa zai tafi, ni kuma ba zan iya riƙe shi ba. Abin da ya sa na rubuto nan, igiyar wani tsohon jan kare ce a hannunsa, sunan zauren nan kuma na wuyan karen. Magana ɗaya yake ta maimaitawa: kar a gaya wa Marlys, faɗa za ta yi."